Ranar da Gwaggo Ta Raka Ni Sayen Rigar Tabulet

Salamu alaikum mutanen kirki, musamman ku da kuka dame ni da saƙo: "Shifa, wai har yau ba ki sayi rigar nan ba?" To na saya. Mai shan ruwa ya ajiye kofi tukuna, don abin da rigar nan ta jawo mini ko maƙiyina ba na yi masa fatansa.

Waɗanda yau suka shigo, ni ce Shifa, 'yar unguwar Nima, ina koyar da yara a wata ƙaramar makaranta a Kanda. Ɗakina da na Gwaggo Sahadatu, yayar babana, asalinsu ɗaki ɗaya ne aka raba da falanki. In ta juya a kan gado ina ji, in na buɗe ledar biskit sai in ji ta ce, "Miƙo mini ta sama." Ita ta goye ni, ita ta yi mini kitson farko, ita ke ɓoye ni a bayan zaninta in Mma, mahaifiyata, ta ɗauko bulala. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta Wahab borga ne, wato mazaunin Turai, yana Hamburg, kuma bara ya aiko da tabulet biyu iri ɗaya sak, ɗaya na uwarsa, ɗaya nawa. Duk gidan nan har kyanwa ta gane abin da nawa yake nufi. Da babbar Sallah zai zo, Gwaggo kuwa tuni ta fara kirana "amaryar ɗakina".

Babu wanda ya yi mini dole, kar ku fara. Baba da bakinsa ya ce in ina da wani in fito da shi kafin Sallah. Amma ku gaya mini, da wane baki zan dubi matar nan in ce mata ba na son ɗanta? Wahab ba shi da aibu. Sai dai kwano ɗaya muka ci tuwo, shi ne ya taɓa aske mini gira ɗaya da reza muna yara. In na kalle shi, wana nake gani.

Wanin kuwa akwai shi, sai dai shi kansa ban tabbata ya san shi ne ba. Sunansa Rauf, yana da shagon kayan waya a Circle, dogo ne mai wushirya, kullum rigarsa a goge kamar za shi ɗaurin aure. Tun kafin azumi na je wurinsa neman rigar tabulet mai kibod, irin marar igiyar nan da ake haɗawa ta bulutut, don rubuta tambayoyin jarrabawa da babban yatsa ya kusa kashe ni. Ya karɓi tabulet ɗin ya jujjuya shi, ya ce, "Malama, irin wannan ba a sayensa da gaggawa."

Ni kuma na ɗauki maganar da muhimmanci fiye da yadda ya kamata.

Na koma, ya nuna mini wata baƙa mai maganaɗisu. Na ce ta yi. Ya ce a'a, ramin kyamararta ya ɗan kauce. Na sake komawa, ya fito da mai wuta a ƙarƙashin madannai, wadda in an ɗauke lantarki za ki ci gaba da rubutu. Na ce wannan kam ta yi. Ya ce tana shan caji kamar tsohuwar mota. Mai ɗan dandalin da ake jan yatsa a kai, wai ta yi wa jakata nauyi. Mai ruwan hoda, ni na ce yara za su raina ni. Mai juyawa ta ko'ina, muka haɗu muka kushe ta tare. Shi yana kushe kayansa, ni ina taya shi, ya aika a sayo mini burkina mai sanyi, haɗin nan na nono da gero, in sha in hau trotro, motarmu ta haya, in dawo gida hannu rabbana. Ko sau ɗaya bai taɓa cewa, "Shifa, ina ne ƙofar gidanku?" ba. Sai batir, sai maganaɗisu, sai faɗin inci. Wallahi akwai ranar da na ji kamar in kwaɗa masa kibod a ka.

Ran Asabar ina gaban madubi, na sa atamfata mai ruwan ganye da ɗan mayafi ruwan madara, ina ja wa ido kwalli, sai ga muryar Gwaggo ta saman falanki.

"Ina zuwa da wannan ƙamshi?"

"Circle, Gwaggo. Rigar nan."

"Har yanzu? Ke ɗinka ta ake yi?"

"Ba a samu daidai ba ne."

"Yau za a samu. Jira ni."

Na ce ai rana ta yi zafi, ta ce tana da lema. Na ce ai mata za su zo mata zaɓen yayi, wato ankon bikin 'yar maƙwabta, ta ce sai bayan la'asar. Ta fito cikin leshi ruwan goro, ɗauri ya tashi sama kamar zai taɓo fanka, jaka a hammata, tabulet ɗinta a ciki don ba ta rabuwa da shi. Mma tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Gara ki raka ta, Yaya. Yarinyar da ta kasa zaɓen rigar na'ura, ban san ranar da za ta zaɓi wani abu ba."

A trotro na lallaɓa na tura wa Rauf saƙo: *Ina zuwa da Gwaggona. Ka natsu.*

Ya amso: *Kullum a natse nake. Akwai wata sabuwa ma, amma ina ganin ba za ta yi miki ba.*

Kun ji fa. Tun ban gani ba.

Da muka shiga ya miƙe tsaye har yana ture kujera, ya rusuna. "Sannu da zuwa, Hajiya."

Gwaggo ta kalle shi daga hula har takalmi. "Kai ne mai kayan da ba sa yi wa mutane? Ɗan wane ne kai?"

"Ɗan Hajiya Zenabu ne, mai sayar da waakye, shinkafa da wake, a Maamobi."

"Zenabu ta ƙungiyarmu? Ikon Allah! Ni na ƙunsa mata lalle ranar aurenta, tana ta kuka da majina. Fito mini da kayan duka."

Jama'a, ban taɓa ganin an zaɓi kayan lantarki yadda Gwaggo ta zaɓa ba. Shekarunta nawa tana sayar da mayafai a kasuwar Nima, to da wannan ilimin ta zo. Ta ɗauki ta farko ta sansana, ta ce warin roba take, a kai can. Ta biyu ta karce ta da farce, ta ɗaga ta a haske tana neman inda ɗinki ya saki. Ta uku ta ɗora a tafin hannu tana aunawa, ta ce wannan ai sai a ɗauko mata kayayo mai dako. Mai ruwan hoda ko taɓa ta ba ta yi ba, ta ce ranar da manja ya ɗiga a kai an gama. Rauf yana binta da bayani, "Hajiya, wannan batir ɗinta yana kai wata..." ta ɗaga masa hannu.

"In ta faɗi, cikin zai fashe?"

"A'a, gefenta yana da kauri."

Sai kawai ta saki rigar a ƙasa. Tim! Ni da Rauf muka yi salati tare. Ta ɗauka, ta duba, ta gyaɗa kai. Wata ce ruwan ƙasa, mai kama da fata, kibod ɗinta yana cirewa ya koma, tana kuma tsayawa da kanta a kan tebur.

Rauf ya haɗa ta da tabulet ɗina, na rubuta sunana, ya fito tar. Na dube shi da ido ina roƙo, ka nemo aibu, bawan Allah, ka nemo. Ya buɗe baki ya ce, "Sai dai kuma launinta..."

"Me launin ya yi?" in ji Gwaggo.

"Babu komai, Hajiya. Yana da kyau."

Matsoraci!

"Gwada a nawa," ta ce, tana zaro tabulet ɗinta. "Ɗana ne ya aiko su tare daga Jamus. In ta yi wa amaryata, ni ma wata rana zan ara."

Na ga kalmar ta sauka a fuskar Rauf. Wushiryar ta ɓace. Ya karɓa, ya danna nan ya danna can, ya haɗa, Gwaggo ta sa yatsa ɗaya ta danna wani harafi, ya fito, ta yi dariya kamar yarinya. Aka yi ciniki irin na Gwaggo, wanda mai kaya ke ƙarewa da godiya bai san dalili ba. Ya sa rigar a leda, ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce, "Allah ya sa albarka. Allah ya sanya alheri, Malama." Bai ko kalle ni ba. Burkina ma yau babu.

Abin da na yi wata da watanni ina ja, Gwaggo ta gama shi kafin a kira azahar.

Bayan la'asar mata suka cika ɗakinta, ina jin su ta falanki. Sun jingina tabulet ɗinta a kan kujera 'yar tsugune suna duba hotunan atamfofin da ake turowa a guruf ɗin ƙungiya, wannan ta ce mai tsuntsu, waccan ta ce mai tsuntsu an yi ta a sunan jikan wance. Ni kuwa ina zaune a bakin gado, na cire ɗankwali, fanka tana kaɗa mini zafi. Babu sauran dalilin zuwa Circle. Sallah tana matsowa. Rauf ya ji an kira ni amarya, kuma ya yi mini Allah ya sanya alheri kamar wani limami.

Na sa tabulet a sabuwar riga, na kunna kibod, 'yar fitila ta yi shuɗi. Na buɗe shafin hirarmu, na danna harafi. Babu abin da ya fito. Na sake dannawa. Shiru.

Kun san me na fara ji? Daɗi! Wallahi har na tashi na taka rawa. Ta lalace, dole a mayar, Circle ta dawo! Sai kuma na tuna fuskarsa, na koma na zauna. In na je ma me zan ce? Ni da shi in ba maganar batir ba, bakinmu mutuwa yake.

Na dubi kibod ɗin nan matacce a kan cinyata. Na ce to, tunda kai ba ka kai saƙo, bari in gaya maka abin da ke raina. Na gyara zama kamar sakatariyar banki, na shiga bugawa, kowane layi in na gama in doki babban madannin gefe da ƙarfi don in huce.

*Rauf, ni ba riga nake zuwa nema a shagonka ba.*

*Kai nake zuwa gani, kai kuma ka tsaya kana mini wa'azin batir.*

*Yau da ka ƙi kallona na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka.*

*Ni ba na son na Jamus. Kai nake so.*

*In kai namiji ne ka turo manyanka da goro kafin Sallah, dogon banza mai wushirya.*

Ina doka na ƙarshe na ji wayoyi sun ɗauki ƙara a ɗakin Gwaggo, ƙil, ƙil, ƙil, kamar an zubar da cokula. Sai wata ta ƙwalla, "A'uzu billahi! Yana rubutu da kansa!"

"Hajiya, kar ki taɓa!"

"Na rantse na ga haruffa suna tafiya, babu hannun kowa!"

"Aljani ne! Dama kayan Turai ba a shigo da su ɗaki sai an yi musu tofi!"

Na zabura na yi ɗakin da gudu, ko ɗankwali babu, kibod ɗin a hannuna na ƙanƙame shi a ƙirji. Mata sun manne a bango, wata ta hau gado da takalmi, wata tana karanta Ayatul Kursiyyu tana tsallake rabi, Mma a bakin ƙofa da ludayi. Gwaggo ce kaɗai a zaune, ta sa tabarau, tana kallon tabulet ɗinta.

"Ga shi nan ya dawo!" wata ta yi ihu.

Na leƙa. A cikin akwatin rubutu na guruf, harafi ɗaya ne ke gudu, jjjjjjjj, layi bayan layi. Na sassauta hannuna don tsoro. Ya tsaya. Na sake matsewa. Ya ci gaba. Na saki. Ya tsaya.

Gwaggo ta dubi tabulet. Ta dubi hannuna. Ta sake duban tabulet.

Nan na gane. Nata aka haɗa daga ƙarshe a shago, shi kibod ɗin ya riƙe, falankin da ke tsakaninmu kuwa ko tari ba ya tarewa balle bulutut. Duk abin da na buga ya tafi guruf ɗin matan Nima da Maamobi, mata sun fi ɗari, da sunan Hajiya Sahadatu da hotonta na Makka a gefe. Matar da tunda aka buɗe guruf ɗin ba ta taɓa rubuta ko alif ba, sai saƙon murya.

Amsoshi suka fara sauka. Ta kan gadon ce ke karantowa, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"*Hajiya, lafiya?*"

"*Wane Rauf ɗin?*"

"*Ashe akwai wani ma a Jamus? Hajiya ba ki da dama!*"

"*Masha Allah, aure ai sunna ne, yaushe za a fitar da yayi?*"

Sai ga saƙon murya daga Hajiya Zenabu, uwar Rauf. Gwaggo ta sa yatsa ta danna da kanta. Ana jin ƙarar cokali a tukunya a bayanta.

"Yaya Sahadatu, na gani. Ni dai ban hana ba, yaro ya girma, ke ma ba ki da miji. Abu ɗaya nake so a warware mini tun yanzu. In an ɗaura, ni da ke wa zai durƙusa ya gaida wani?"

Wata ta tuntsire da dariya ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige har da kibod ɗin.

Wata dattijuwa a cikinsu, Allah ya saka mata, ta ce, "Ku ji, a ce aljani ne kawai. Duk mun gani da idonmu. A kira Malam ya yi hayaƙi, a rufe magana."

Gwaggo ta cire tabarau ta ninke. Ba ta ɗaga murya ba.

"Shifa."

"Na'am, Gwaggo."

"Tun kafin azumi kike zaɓe ba ki gama ba, to ga wani. Ko aljani ne ya rubuta, ko ni, ko ke. In aljani ne, Malam zai zo, a goge, Wahab ya sauka da Sallah mu ci gaba da shiri. In ni ce, to ni ce. Yaron yana da ladabi, yana da sana'a, na ga kuma yana guga." Aka sake ƙunshe dariya. Ita ba ta yi ba. "Wanne za a gaya wa mutane?"

Na dubi Mma. Mma ta dubi ludayinta. Ga ƙofa a buɗe an ba ni, aljani ba ya musu, ba a kai shi gaban Baba. Kalma ɗaya ce in faɗa in tsira. Amma ina kallon matar nan da ta yarda duk Nima ta yi mata dariya, ba ta nuna ni da yatsa ba.

"Ni ce, Gwaggo."

"Ba a ji ba. Fanka tana ƙara."

"Ni ce na rubuta."

"Har da dogon banza?"

"Har da shi."

"Har da na Jamus?"

Nan hawaye suka zubo mini. "Har da shi, Gwaggo. Ki yafe mini. Wahab wana ne, ban iya ganinsa wani abu daban ba. Na rasa yadda zan gaya miki ne."

Idonta ya kawo ruwa, ta sa bakin mayafi ta dangwale, ta ce kwalli ne.

"Falanki ne fa tsakanina da ke," ta ce. "Ko raɗa kika yi zan ji. Sai da kika ari bakina kika gaya wa Nima da Maamobi?"

Na durƙusa na dafa gwiwarta. Ba ta ture ni ba, ba ta kuma shafa kaina yadda ta saba ba, wannan ya fi mini zafi a kan duka.

Ta jawo tabulet, ta danna wurin murya, ta gyara ɗauri kamar ana ganinta.

"Zenabu, kwantar da hankalinki, ba za ki durƙusa mini ba. 'Yata ce, Shifa. Ki tambayi ɗanki. In yana so, gidanmu ba ɓoyayye ba ne, ya turo manya. In ba ya so, ya faɗa yau, ya daina ɓata wa yarinya takalmi. Sauran ku kuma masu neman yayi, Allah ya shirye ku."

Ta saki, ya tafi. Na duba wayata a ɓoye. Rauf yana kan layi. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Ko yanzu ma aibu yake nema, Allah kaɗai ya sani.

Kafin ya gama shawara, tabulet ɗin Gwaggo ya ɗauki ƙara. Kiran bidiyo. Hoton Wahab ne ya cika fuskar, da jar hular sanyinsa. Ashe wata mai saurin hannu ta riga ta ɗauki hoton saƙonnin ta tura Hamburg. A ƙasa ga abin da ya rubuto: *Mma, wane ne Rauf? Kuma wane ne na Jamus?*

Kiran yana ta ƙara. Gwaggo ta zare kibod ɗin daga hannuna, ta tura shi ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai. Sannan ta ɗauki tabulet ɗin, ta danna kore, ta juyo da shi saitin fuskata.

"Ungo," ta ce. "Shi da bakinki za ki gaya masa."